Wasiƙa zuwa ga mutumin da ya kira Goggo da layin Nijar

Assalamu alaikum.

Da sallama ka fara ranar da ka kira Goggona, shi ya sa ni ma na fara da ita, ko da yake na daɗe riƙe da alƙalami kafin hannuna ya yarda ya rubuta ta. Ban taɓa ganin fuskarka ba. Abin da na mallaka naka shi ne lambar da ta fara da 227, wadda Goggo ta sa jikarta ta rubuta mata a bayan kwalin magani, sai kuma muryarka da har yau take kwatanta mana: muryar mutum mai natsuwa, Hausa tsantsa, kana jan "Hajiya" kamar ɗan da ta goya.

Bari in tuna maka, don na san ba ita kaɗai ka kira a makon ba. Bara ne, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, bayan la'asar. Ka ce mata kai direba ne, daga Agadas kake magana. Ka ce ɗanta da ya tafi haƙar zinari arewacin Nijar, motarsu ta kife, yana kwance a asibiti, likita ya ce ba za a shiga da shi tiyata ba sai an ajiye kuɗi kafin magariba. Ka ambaci sunansa na yanka, ka kuma ambaci laƙabin da take kiransa da shi saboda alkunyar ɗan fari, wanda sai na gida ke sani. Ka ce kada ta wahalar da kanta wajen neman layinsa, wayar ta farfashe a haɗarin. Ka san sarai a dajin da suke aiki babu sabis, mutum kan yi makonni ba a ji ɗuriyarsa ba.

Kuɗin da ke ɗakinta a ranar naira 650,000 ne. Kwasar adashi ce, ta kayan ɗakin autarta, shekara biyu tana matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli tana zubi. Ta ƙunshe su a baƙar leda, ta zura hijabi a bai-bai, ta nufi mai POS na bakin kasuwa. Yaron ya tambaye ta har sau biyu ko ta san mai asusun. Ta ce masa ya tura, rai ake ceto. Kwana tara bayan haka taubashina ya fito gari ya samu sabis, ya kira uwarsa ya yi mata barka da shan ruwa, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ina wurin. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana ta hamdala, tana sa shi ya sake magana don ta ƙara jin muryarsa. Sai da ta gama murnar kaf, sannan ta je ta zauna a bakin murhu, kunun da ke kan wuta ya yi ta tafasa yana zuba, ba ta ko dube shi ba.

Ni aka ɗora wa bin sawunka, tunda ni ne ɗan bokon gidan. Ina so ka ji inda sawun ya kai ni, da inda ya ɓace mini.

Banki ya ce ba zai buɗe bayanin mai asusu ba sai da umarnin kotu, kuma gaskiyarsa ce. Muka nemo, bayan zirga-zirgar da ta cinye mana azumin. Asusun na wani ɗan canji ne a garin kan iyaka, dattijo mai jikoki. Ya buɗe mana littafinsa, ya nuna mana ranar. Wani ya kira shi ya ce za a turo naira, a ba shi sefa a Maraɗi. Alat ya shigo, ya kira abokin cinikinsa na can, aka ƙirga wa wani saurayi kuɗin a bakin rumfa, ya hau kabu-kabu ya tafi. Duka-duka abin bai kai rabin awa ba. Ko sisi bai tsallaka iyaka ta banki ba. Amanar da 'yan kasuwarmu suka gada tun iyaye da kakanni, wadda da ita fatake ke sayen gero a Dawanau da atamfa a Kantin Kwari ba tare da sun ɗauko jakar kuɗi a mota ba, ita ka hau ka tsallake. Dattijon nan ya kwana uku a tsare saboda kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗan sandan da aka ba bincikenmu mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba. Ya dubi kwalin maganin, ya dube ni, ya ce: "Malam, layin nan ba namu ba ne." Da na Najeriya ne, zai rubuta wa kamfanin waya, tunda doka ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan masu layi da na kiraye-kiraye har shekara biyu, kuma tun ƙarshen 2020 ake tilasta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Kamfanin da ke Yamai kuwa ba ya ƙarƙashin alƙalinmu, takardar kotunmu a wurinsa ba ta fi ta ƙunshe ƙosai ba. Ya zana mini hanyar a bayan fayil. Takarda za ta tashi daga teburinsa zuwa hedkwatar jiha, daga can Abuja, ofishin Ministan Shari'a, wanda shi ke da hurumin neman taimakon wata ƙasa a shari'ar laifi. A fassara ta zuwa Faransanci. Ta bi ta hannun jami'an diflomasiyya zuwa Yamai, ta shiga ma'aikatar shari'arsu, ta gangaro wurin mai gabatar da ƙara, ta isa ga alƙalin bincike a Maraɗi, domin su tsarin Faransa suka gada, mu na Ingila. Sannan amsar ta sake biyo wannan hanya ta dawo. Daga inda muke zaune zuwa rumfar da aka ƙirga maka kuɗin, mota ba ta yin awa biyu. Takardar kuwa sai ta zagaya manyan birane biyu, a harsuna biyu waɗanda babu wanda Goggo ke ji a cikinsu, alhali da ita da kai da ɗan sandan da jandarman can duk Hausa kuke yi. Kafin ta dawo ka karya layin ka jefa a kwata, in ma tun farko ba da katin shaidar wani aka yi masa rajista ba.

Ka san duk wannan tun kafin ni. Ai da shi ka dogara. Zai yiwu ma ba ka taɓa taka Agadas ba, zai yiwu a unguwarmu kake kwana, tunda sabis ɗin Nijar na kamawa a ƙauyukanmu na kan iyaka kamar yadda namu ke kamawa a nasu. Irinka na wannan ɓangaren ma suna yi wa mutanen Damagaram da Tawa haka da layin 234, ko su tura wa baƙon ɗan kasuwa alat na bogi, ya saki kaya, sai ya koma gida ya tarar ba komai a asusunsa. Shi ma in ya je kwamisariya, maganar da aka faɗa mini za a faɗa masa. Iyakar nan mai tsawon kusan kilomita 1,500, daga Kamba da Gaya, ta Illela da Ƙonni, ta Jibiya da Maigatari har Tafkin Cadi, ba ta hana aure, ba ta hana zumunci, ba ta hana sumoga. Ɗan sanda da alƙali kaɗai take tsayarwa.

Wasiƙar taka ce, amma a bainar jama'a na rubuta ta da gangan, domin in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bango akwai waɗanda aka ba kwangilar gina shi.

Dokoki kam ba a rasa su ba. Najeriya ta yi dokar laifukan intanet a 2015, ta yi mata gyara a 2024. Nijar ta yi tata a 2019. Ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na can ke kira CEDEAO, tana da yarjejeniyar taimakon juna a shari'ar laifi tun 1992, da ta miƙa masu laifi tun 1994, sannan a 2011 ta fitar da umarni ga ƙasashenta kan yaƙi da laifukan intanet, kowace ta je ta shigar da shi cikin dokarta. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Malabo a 2014. Ƙasashe 15 kawai ake buƙata su tabbatar da ita kafin ta fara aiki, cikin 55, amma sai da aka shekara tara ana jira, sai a Yunin 2023 ta fara aiki. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Budapest ta Turawa a 2022, wadda ta tanadi cewa kowace ƙasa ta ajiye jami'in da za a iya kira dare da rana a ce masa ya sa a tsare bayanan wani layi kafin su goge. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta amince da tata a Disambar 2024, aka fara sa hannu a Hanoi a Oktoban 2025. Na karanta su iya ƙarfina a cikin watannin nan. Babu ko ɗaya da ta kawo lambar waya guda a teburin ɗan sandan da ke riƙe da fayil ɗin Goggo, wadda zai buga takwaransa na Maraɗi ya ɗauka.

Sai kuma siyasa ta zo ta ƙara maka inuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, aka yanke wuta, aka yi ta barazanar yaƙi. Talaka ya ji jiki a ɓangarorin biyu, masu albasa da tumatir suka yi asara a bakin shinge, kai kuwa kiranka bai taɓa tsayawa a shingen kwastan ba. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma zukatan mahukunta ba su huce ba. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. An ce jama'a da kaya su ci gaba da zirga-zirga, kuma mun gode wa Allah da haka. Amma rumfar da aka ƙulla waɗancan yarjejeniyoyi a ƙarƙashinta, ɗaya daga cikinmu ya fita daga cikinta, kuma gwamnatocin da suka yi ta cacar baki a talabijin kan zargin ɗaure wa 'yan ta'adda gindi ba za su yi saurin buɗe wa juna rajistar layukan waya ba. Ba ina nan don in ce wane ne ke da gaskiya a rigimar ba. Abin da na gani da idona shi ne wanda ya ci ribarta, kuma kana cikinsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san ana iyawa in an ga dama. Ramon Abbas, wanda duniya ta sani da Hushpuppi, an kama shi a Dubai a Yunin 2020, cikin 'yan makonni yana hannun hukumar FBI, a Nuwambar 2022 kotu a Los Angeles ta yanke masa fiye da shekara 11. Wasu 'yan'uwa biyu daga Legas da suka yi wa wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan barazana da hotunan tsiraicinsa har ya kashe kansa, Najeriya ta miƙa su ga Amurka a 2023, aka ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi a 2024. Ban yi baƙin cikin hukuncin ba ko kaɗan, uwar yaron nan uwa ce kamar Goggo. Amma tsakanin Legas da Michigan teku ce guda, kuma doka ta haye ta. Tsakanin Jibiya da Maraɗi gonakin gero ne, ta kasa. A Disambar 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a gini ɗaya a Legas, cikinsu 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40, suna damfarar mutanen Amurka da Turai da soyayyar ƙarya da jarin bogi. Ka ga inda ƙarfin yake karkata: wurin da wanda aka cuta ke da ofishin jakadanci mai bin kadinsa.

Interpol da Afripol ma sun yi samame a watannin Satumba da Oktoban 2024 a ƙasashen Afirka 19, wanda suka sa wa suna Serengeti, aka kama mutum 1,006. Aiki ne mai kyau, ya nuna 'yan sandanmu na iya aiki tare. Sai dai samame ne na wata biyu, Birtaniya da Jamus na cikin masu ɗaukar nauyinsa, kuma manyan kifaye yake nema. Kai da ke tsintar dubu ɗari uku nan, dubu ɗari shida can, daga hannun zawarawa da tsofaffi, ramin komar ya fi ka faɗi, ta ciki kake wucewa. Ko a cikin gida, laifukan da ke cikin dokar 2015 Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'arsu. Wa zai ɗauki lauya, ya yi ta sintiri shekara da shekaru, ya biya mai fassara, a kan kuɗin da ɗawainiyar za ta cinye su tun ba a je ko'ina ba? Ka auna wannan ma. Ba ka taɓa satar abin da zai sa a tashi jirgi dominka.

Akwai kuma wurin da dokar nan ke da ƙafar barewa. A 2022 an je har Dutse an ɗauko wani ɗalibin jami'a an kai shi Abuja saboda rubutu ɗaya da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. An gano inda yake, an same shi. A 2024 an tsare ɗan jarida Daniel Ojukwu kwanaki a ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Tun 2020 kotun ECOWAS ta ce sashe na 24 na dokar ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki, sai a 2024 aka taɓa shi. A Nijar, da dokar 2019 aka hukunta 'yan jarida Samira Sabou da Moussa Aksar a farkon 2022. A shekarar aka cire ɗauri a kan ɓata suna ta intanet, a Yunin 2024 aka maido da shi. Na'urar da ke gano mai zagin babba a cikin kwanaki, ita ce ake ce mana ba ta ganin wanda ya kwashe kayan ɗakin marainiya. Wannan ya sa mutanenmu da sun ji an ce dokar intanet, abin da ke zuwa musu a rai shi ne kamun masu magana, ba sa ma tunanin tasu ce da za su kai kuka gare ta. Da yawa ba sa kai ƙara. Wasu kunya ke hana su, kada a ce an yi musu wayo. Kowane shirun nan jari ne a wurinka.

Dattawanmu kan ba da labarin yadda ake yi da satar shanu a da. In mabiya sawu suka biyo har sawu ya shiga wani gari, mai garin ne zai fito da su, ko ya nuna inda sawun ya fita daga ƙasarsa. Ba a tambayar ko garin na Ingilishi ne ko na Faransi. Har gobe Sarkin Maraɗi sarautar Katsina yake amsawa, gida ɗaya ne aka raba. Abin da nake roƙon mahukuntan Abuja da na Yamai bai wuce wannan ba, kuma ba sai an sake taro a otal an rattaba hannu ba. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai mazauni a Yamai, ta girmi ECOWAS, kuma ba wanda ya fita daga cikinta. A ƙarƙashinta a ajiye jami'i ɗaya a Katsina da ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Sakkwato da ɗaya a Ƙonni, ɗaya a Kano da ɗaya a Damagaram, masu jin Hausa, da izinin kiran juna kai tsaye. In an kawo ƙara yau, a yau a ce wa kamfanin waya na can ya tsare bayanan layin, a ce wa banki ko ɗan canji ya dakata, takardar Abuja da Yamai ta biyo baya a kan lokacinta. A zauna da ƙungiyoyin 'yan canji, su riƙa rubuta shaidar wanda ya karɓi kuɗi a ɗaya ɓangaren, don kada a sake kwantar da dattijo a bayan kanta saboda laifin wani. Ƙasashen da ke shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ba za su ce layin waya tsakanin ofisoshi biyu ya gagare su ba.

Na dawo gare ka. An ɗaura auren autar Goggo bayan babbar salla. Dangi suka yi karo-karo aka sayi gado da katifa da 'yan kwanuka, aka kai ta ba kujeru. Amaryar ba ta ce komai ba, amma uwarta ta ƙi shiga ɗakin ranar jere. Yanzu in baƙuwar lamba ta kira, Goggo ba ta ɗauka, sai ta miƙa wa jikarta. Ran nan ɗan nata ne ya ari wayar wani ya kira sau huɗu, tana kallo har ta katse. Ta koma matsar mai, ga ciwon gwiwa, ta sake shiga wani adashin daga farko.

Wanda ya ba ka laƙabin ɗanta, ko a wurin haƙar zinarin yake ko a cikinmu, ka gaya masa mun san da shi. Kai kuma, na tabbata kana da uwa, ko ka taɓa samu, kuma ka san abin da kalmar tiyata ke yi wa cikin mace in an haɗa ta da sunan ɗanta, tunda da ita ka yi aiki. Maƙwabta sun yi ta ce wa Goggo ta yi maka Allah ya isa. Har yau ba ta yi ba. Cewa take wataƙila yaro ne, wataƙila shi ma wani ke jiran ya kawo. Ni ban kai ta haƙuri ba, fayil ɗin yana nan a buɗe, kuma duk wata sai na je na tambaya.

Ba ta canza layi ba. Lambar tana wurinka, hanyar da kuɗin suka bi suka je ka san ta, kuma tana dawowa. Ka maido mata da su kafin azumi ya sake zagayowa.

Wassalam.

Ɗan wan matar da ka cuta,
daga Katsina.